Kuɗin Wankin Ƙodar Mijina Na Kai wa Mai Annabci, Yanzu Addu'a Ta Gagare Ni

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni 'yar Michika ce, a EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, aka haife ni, a ciki na yi aure. A 2014 muka gudo Yola daga mu sai kayan jikinmu. Ban yi wa Allah gunaguni ba a lokacin, ni ce ma mai ƙarfafa mata a zumunta. Muka sake kafa rayuwa, maigidana yana aikin kafinta, ni ina ɗinki. Bara likita ya ce ƙodojinsa biyu sun daina aiki. Muka sayar da gonarmu ta gida da keken ɗinkina saboda wankin ƙoda. Da kuɗi ya ƙare, wata maƙwabciya ta kai ni wurin wani mai addu'a. Ya ce Allah ya nuna masa mijina ba zai mutu ba, amma sai na shuka iri na bangaskiya. Na ɗauki kuɗin wanki biyu da 'yan'uwa suka harhaɗa na ba shi. Bayan mako uku maigidana ya rasu. Da na koma wurin mutumin, sai ya ce shakkata ce ta ɓata aikin.

Wata bakwai ke nan. Ba wanda ya san maganar kuɗin. Ba na barci, ba na iya addu'a, in na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in rufe. Majami'a don idon mutane nake zuwa. Wasu a dangi suna cewa ruwa ba ya tsami banza, akwai la'ana a gidanmu. Babban ɗana mai shekara 17 ya daina zuwa sujada, ya ce wane Allah? Mama, akwai begen da ba ya karyewa kuwa, ko Allah ya yashe ni ne?

'Yarki a Yola

'Yata, sannu da haƙuri. Yaya yaran? Allah ya ta'azantar da ku duka.

Da maganar kuɗin zan fara, domin ita ce take cin ki, kuma muddin tana kwance a cikinki duk wa'azin da za a yi miki a kan bege ba zai shiga ba.

Ba zan ce miki tsallake wanki biyu ba kome ba ne. Ko na faɗa ba za ki yarda ba, kuma kowane likita zai ce akwai haɗari a ciki. Amma ki ji yadda ciwon nan yake. Idan doguwar cuta ta kashe ƙoda gaba ɗaya, ba ta farfaɗowa. Injin wanki ba warkarwa yake yi ba. Aikin ƙodar yake karɓa na 'yan sa'o'i, ya tace dattin jini, ya cire ruwan da ya taru a jiki, bayan kwana biyu ko uku a sake komawa. Haka za a yi ta yi, sau biyu ko uku a mako, har ƙarshen rai, sai fa in an samu dashen ƙoda, wanda kuɗinsa miliyoyi ne. Shi ya sa iyalai da yawa a ƙasar nan suke gazawa bayan 'yan watanni, ba don ba sa ƙaunar mara lafiyarsu ba. Ke da bakinki kin ce gona ta tafi, keke ya tafi, hannu ya bushe. Kuɗin da kika bayar wankin mako guda ne. Mako na gaba fa, daga ina?

Ba zane kika saya da kuɗin nan ba. Mace ce da dabara ta ƙare mata, wani ya zo da sunan Allah ya ce ga hanya, ta bi. Yaudarar ki aka yi. In akwai abin da zuciyarki take tuhumar ki da shi na gaskiya, wato kin karkatar da kuɗin jama'a ba da saninsu ba, to ki kira shi da sunansa a gaban Allah sau ɗaya. 1 Yahaya 1:9 ta ce idan mun furta, shi mai aminci ne, zai gafarta. Bitrus da ya yi rantsuwa bai san Yesu ba, shi aka danƙa wa kiwon tumaki. Amma laifin kisa da kika ɗora wa kanki, ki sauke shi. Ba naki ba ne.

Shi kuwa mutumin nan, tun zamanin Musa aka yanke masa hukunci. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, da izgili ya yi magana, kada a ji tsoronsa. Ba a ce a je a binciki bangaskiyar wanda aka yi wa annabcin ba. Annabin ake dubawa. Batun cewa shakkarki ce ta hana, ki tambayi kanki wace bangaskiya Li'azaru ya nuna yana kwana huɗu a kabari. Marta kuma, da Yesu ya ce a kawar da dutsen, abin da ta ce shi ne ai yanzu ya yi ɗoyi. Duk da haka ya fito. Allahn da shakkar mace mai jinya za ta ɗaure wa hannu ba shi muke bauta wa ba. Zancen kuɗi kuwa, Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Allah, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Na rasa yadda aka yi muka kai lokacin da mutum zai kafa rumfa a bayan gari, ba dattawa a kansa, ba wanda yake duba littafin kuɗinsa, mu kuma mu riƙa kwasar na asibiti muna kai masa.

Akwai tambayar da ba ki yi a fili ba amma tana cikin wasiƙarki: me ya sa kika tsaya a 2014, yanzu kuma kika faɗi? Kina ganin kamar bangaskiyarki ce ta lalace. Ni ba haka na gani ba. Lokacin da Michika ta faɗa hannun Boko Haram a watan Satumba na shekarar, dubban mutane kuka gudu tare. Kowa ya san wanda ya yi ɓarnar. Kuna kuka a fili, kuna raba tuwo ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa yi muku alkawari da sunan Allah cewa garinku ba zai ƙone ba. Yanzu ke kaɗai ce, kina ɗauke da asiri, kuma an sa sunan Allah a kan alkawarin da ya karye. Ke maɗinkiya ce, kin san bambancin rigar da ta yage a yadi da wadda ta ɓarke a ɗinki. Wani ne ya ɗinka maganarsa a jikin maganar Allah da ruɓaɓɓen zare, da nauyi ya zo ta ɓarke daidai wurin. Yadin yana nan.

To me Allah ya alkawarta, me bai alkawarta ba? Nan ne tambayarki take, kuma amsar tana da ɗaci kafin ta yi daɗi.

Bai alkawarta cewa duk mara lafiyar da aka yi wa addu'a zai tashi ba. Elisha, wanda ya ta da ɗan matar Shunem daga mutuwa, ciwo ne ya kashe shi. Bulus ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas ba lafiya a Militas. Shi kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alheri ya ishe shi. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12 ki ga abin da masu wa'azi suke yawan tsallakewa. Kowa ya san mala'ika ya fid da Bitrus daga kurkuku. Amma a farkon surar, sarki Hirudus ɗin nan da ya kulle Bitrus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Ikilisiya ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu. Ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare, ɗaya an binne shi. Littafi bai ce gidan su Yakubu sun kasa bangaskiya ba, bai kuma ba da dalili ba. Ni ma ba zan ƙago miki dalilin mutuwar maigidanki ba.

Ke 'yar Michika ce, ba sai na ba ki labarin Rabaran Lawan Andimi, faston EYN a Michika, ba. 'Yan Boko Haram sun ɗauke shi a farkon Janairun 2020, Kiristoci a ko'ina suka yi ta addu'a da azumi, a ranar 20 ga watan aka kashe shi. Amma ki tuna abin da ya faɗa a bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar. Ya roƙa a taimaka a cece shi, bai ɓoye yana so ya rayu ba. Ya ce da alherin Allah zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, in kuwa ba a ba shi wannan dama ba, mai yiwuwa nufin Allah ke nan, kuma bai karaya ba. Ban kawo shi don in ce ki zama kamarsa ba, ba a auna baƙin cikin wani da na wani. Na kawo shi ne don ki ga inda ya rataye zuciyarsa. Ya roƙi abin da yake so da dukan ƙarfinsa, amma bai sa begensa a kan amsar ba. Haka abokan Daniyel uku suka ce wa Nebukadnesar a bakin tanderu: Allahnmu yana da iko ya cece mu, ko bai cece mu ba ma, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba.

Abin da ya alkawarta kuwa ya kafa shi a kan abin da ya riga ya faru, ba a kan abin da muke jira ba. An gicciye Yesu a zamanin Bilatus, an binne shi, a rana ta uku ya tashi. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa fiye da mutum 500 sun gan shi a lokaci ɗaya, yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutun. Ya kuma ce in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce, mun fi kowa zama abin tausayi. Ya jingina kome a wuri ɗaya. Wannan shi ne begen da ba ya karyewa, domin labarin asibiti ba ya taɓa shi, farashin buhun masara ba ya taɓa shi, ƙaryar mai annabci ma ba ta isa ta mai da Yesu cikin kabari ba. Maigidanki ya mutu cikin Almasihu. Ma'anar wannan ita ce mutuwarsa gaskiya ce, mai zafi ce, amma ba ita ce za ta yi maganar ƙarshe a kansa ba. 1 Tasalonikawa 4:13 ba ta hana baƙin ciki ba. Cewa ta yi kada mu yi shi irin na waɗanda ba su da bege. Yesu da kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci.

Ikilisiyarki ma a kan irin wannan aka gina ta. A ranar 17 ga Maris 1923 aka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida, da 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser. Shekara ta zagayo, a 1924, Kulp ya binne matarsa Rut da jaririnsu. Ya ci gaba da aikin shekaru da yawa. A ƙarshen Oktoban 2014 aka kori shugabannin EYN daga hedkwatarsu a Kwarhi, suka yi zaman gudun hijira a Jos. A 2023 a Kwarhin nan aka yi bikin cika shekara 100. Ba a dawo da waɗanda suka mutu ba, kuma har yau akwai iyayen Chibok da suke jiran 'ya'yansu. Amma ga ki nan, da yaranki, daga wannan tushe.

Yanzu batun addu'a. Kin ce ta gagare ki. Ina zaton abin da ya gagare ki shi ne irin addu'ar da muka saba, mai farawa da godiya ta ƙare da godiya. Wannan ki ajiye ta tukuna. Ki buɗe Zabura 88, ita kaɗai, kada ki tilasta wa kanki wata sura. Marubucinta ya ce wa Allah kai ne ka jefa ni cikin rami, kai ne ka raba ni da abokaina, don me ka ɓoye mini fuskarka? Yawancin zaburan kuka suna juyawa zuwa yabo a ƙarshe. Wannan ba ta juya ba, da duhu ta ƙare. Duk da haka aka sa ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah, aka riƙa rera ta a sujada. Mu mun tashi da koyarwar cewa mai bi ba ya tambayar Allah, da zarar hawaye ya zubo sai a ce ki yi haƙuri, kada ki saɓa. Haƙuri abu ne mai kyau, amma haɗiye magana ba shi ne haƙuri ba. Yesu a kan gicciye da Zabura 22 ya yi kira, yana tambaya don me aka yashe shi, tambayar da kika rufe wasiƙarki da ita. In kalma ta ƙi fitowa ma, ki zauna shiru. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Zuwa majami'a don idon mutane kuma, ki ci gaba da zuwa. Ki zauna a baya, ki bar su su yi waƙar a madadinki.

Masu zancen la'ana ba zan ɓata musu lokaci ba. Almajirai sun tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Abokan Ayuba sun dage lallai akwai abin da ya yi, a ƙarshe su Allah ya yi fushi da su. Ki lura, yawanci bayan zancen la'ana akwai wani mai karya la'ana da yake jiran kuɗi. Kada a sake kai ki ko'ina. Manyan abubuwan da suke kashe ƙoda su ne hawan jini da ciwon suga, kuma suna bin dangi, sukan yi shekaru suna ɓarna ba a sani ba. In dangi suna so su kare gidan, su je a auna su. Ke ma ki je.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe asiri, matar fasto ko wata dattijuwa a zumunta, ki faɗa mata maganar kuɗin tun daga farko. Ba a gaban taro ba, ba a matsayin shaida ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wata bakwai kuwa kina ɗauke da wannan ke kaɗai. Daga baya ku shawarta tare yadda za ki sanar da waɗanda suka haɗa kuɗin, domin ina ganin sai kin yi haka za ki iya kallon su ido da ido. Wasu za su yi magana, yawanci za su yi kuka tare da ke. Fasto ma ya kamata ya san da mutumin nan, don maƙwabciyarki tana nan tana kai masa wasu matan.

Rashin barcin nan kada ki mai da shi batun ruhaniya kawai. Lokacin da Iliya ya kwanta a gindin itace ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake barci, ya kuma ta da shi ya ci. Idan mutum ya wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba abin da yake masa daɗi, yana ta ganin laifin kansa, likitoci suna ɗaukarsa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ki je asibiti ki faɗa musu kamar yadda kika faɗa mini. In kuwa tunanin raba kanki da duniya ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi, ki faɗa wa wani a ranar. Tun bayan rikicin 2014 EYN take shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, ki tambayi fastonku yadda za ki shiga.

Kada kuma kunya ta hana ki neman haƙƙinki. Rigimar farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima a kan abincin gwauraye ce, har aka naɗa mutum bakwai don su gyara. Kula da ke aikin ikilisiya ne, ba alfarma ba. Ki faɗa wa shugabar zumunta a fili cewa keken ɗinki kike bukata. Irmiya ya rubuta wa 'yan bauta a Babila cewa za su yi shekara 70 a can, saboda haka su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu. A cikin wannan wasiƙar ce ayar nan take da muke so, ta shirin alheri da bege a nan gaba, kuma an rubuta ta ne ga mutanen da yawancinsu ba za su sake ganin gida ba. A lokacin ma akwai wani Hananiya da yake cewa shekara biyu kawai, a koma. Nasa ya fi daɗin ji. Komawarki kan keke gobe da safe aikin bangaskiya ne, ko da zuciyarki ba ta ji kome ba tukuna.

Ɗanki kuma, kada ki ja shi sujada da faɗa, kada ki tara masa dattawa. Yana ɗan shekara shida ko bakwai aka gudo da shi daga garinsu, yanzu ya ga ubansa ya narke a gabansa ana ta addu'a. Tambayarsa ba ta rashin kunya ba ce. Ina kuma zargin ya san fiye da yadda kike zato, yara suna ganin inda uwarsu take zuwa. Wata rana da dare, bayan ƙannensa sun yi barci, ki zaunar da shi ki ce masa ke ma kina fama, ke ma kina da tambaya, ki faɗa masa abin da mutumin nan ya yi. Gara ya ji daga bakinki da ya tsinta a waje. Ki nemi namiji ɗaya da yake girmamawa, kawunsa ko abokin aikin mahaifinsa, ya riƙa jan shi a jiki, ba don wa'azi ba, don aiki da hira. In yana makaranta, ki yi duk yadda za ki yi kada ya bari a wannan shekarar, ko da sai kin kai maganar kuɗin jarrabawarsa gaban dattawan ikilisiya.

Ki sake rubuto mini bayan kin yi magana da matar da kika zaɓa, ki faɗa mini abin da likita ya ce. Ki gaishe mini da yaran.

Mamarki